Oga ya hana mu neman hukunce-hukunce da AI: tsoron sabon abu ne ko hangen nesa?

Lauya_Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Tambaya gare ni, don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah. A ofishin lauyoyin da nake aiki oga ya tara mu ya ce daga yau duk wanda ya kawo masa hukuncin da ya samo ta hanyar AI, to ya tattara komatsansa. Ya ce littafi kawai, ko manhajar rahoton shari'u da ofis ke biya wa kuɗi, kuma sai an buga hukuncin daga farko har ƙarshe an ajiye masa a tebur. Ni kuwa abin da na gani, aikin da yake cinye mini yini guda a ɗakin karatu, na'urar nan tana nuna mini bakin zarensa kafin shayina ya huce. Shin oga yana da gaskiya, ko dai tsoron sabon abu ne irin na manya?

Baba_Mai_Baƙar_Riga:
Wa alaikumus salam. Oganka yana da gaskiya, ɗana. Je ka nemi labarin abin da ya faru a New York a 2023, sannan ka dawo mu yi magana.

Barista_Zee:
Bari in sauƙaƙa masa, Baba. Wani mutum ne mai suna Roberto Mata ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca ƙara, ya ce keken raba abinci ya buge shi a gwiwa a cikin jirgi. Kamfanin ya ce lokacin shigar da ƙarar ya wuce. Lauyan mutumin, Steven Schwartz, wanda ya fi shekara 30 yana aikin nan, sai ya sa ChatGPT ta nemo masa hukunce-hukuncen da za su kare shi. Ta kawo masa su tsaf, da sunayen masu ƙara, da shekara, da lambar shafi, har da maganganun alƙalai. Shida daga ciki babu su a duniya. Lauyoyin Avianca suka duba sama da ƙasa ba su gan su ba, kotu ma ta duba ba ta gani ba. Abin da ya fi ba ni dariya da tausayi shi ne, sai da ya koma ya tambayi ita ChatGPT ɗin ko ɗaya daga cikinsu, shari'ar Varghese da China Southern Airlines, gaskiya ce, ta ce masa ƙwarai kuwa. A watan Yunin 2023 Mai Shari'a Kevin Castel ya ci lauyoyin da ofishinsu tarar dala 5,000, kuma ya sa su rubuta wasiƙa ga kowane alƙali na gaske da aka jingina wa hukuncin ƙarya. Tarar ba komai ba ce, kunyar ita ce hukuncin.

Amma Baba, a yi adalci, shi kansa alƙalin bai ce amfani da irin waɗannan na'urori laifi ne ba. Abin da ya kama su da shi rashin dubawa ne, da kuma dagewar da suka yi a kan hukunce-hukuncen bayan an nuna musu akwai matsala.

Ɗan_Kwamfuta:
Ni ba lauya ba ne, harkar manhajoji nake yi, amma bari in sa baki. Kuskuren da mutane ke yi shi ne ɗaukar irin su ChatGPT kamar rumbun ajiya, wanda za ka tambaya ya shiga ya ɗauko maka takarda. Ba haka aka gina su ba. An ciyar da su rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Sun ga dubban hukunce-hukunce, sun san yadda sunan shari'a yake kama, sun san shekara ce ke biyo baya, sai mujalladi, sai shafi. In ka nemi hukunci a kan abin da ba su da shi, sai su ƙera maka wani mai kama da na gaske, domin aikinsu kenan, samar da abin da ya yi kama da amsa. Shi ya sa tambayar ta ko gaskiya ta faɗa ba ta da amfani.

Lauya_Sabon_Shiga:
Na gode. Amma ni ai ina dubawa. Duk sunan shari'ar da ta ba ni sai na nema a LawPavilion, manhajar rahoton shari'u, na ga akwai ta kafin in sa a takarda. To ina matsalar take?

Baba_Mai_Baƙar_Riga:
Matsalar tana cikin kalmarka ta "na ga akwai ta". Ganin akwai shari'a daban, sanin abin da ta yanke daban. Hukuncin ƙarya tsurarsa ma shi ne mai sauƙi, domin abokin hamayyarka zai kama ka cikin minti biyar. Wanda ke kashe lauya shi ne hukunci na gaske da aka ɗora masa maganar da bai faɗa ba.

Kwanakin baya wani yaro ya tsaya gaban kotu yana karanto sakin layi da ƙarfin gwiwa, wai Kotun Ƙoli ce ta faɗa. Mai shari'a ya ce a miƙo masa littafin. Ya sa tabarau, ya juya shafi biyu baya, ya ce, "Barista, wannan da kake karantawa ai hujjar lauyan mai ɗaukaka ƙara ce kotu take taƙaitawa, kuma a shafi na gaba ta yi watsi da ita." Kotu ta yi tsit. Yaron nan ya riƙa jujjuya takardu kamar amsar tana ɓoye a cikinsu. Wanda bai karanta hukunci daga farko ba, ba zai bambance hukuncin jagora da na alƙalin da ya saɓa wa sauran ba, balle ya gane ainihin dalilin hukunci da maganar da alƙali ya yi a kan hanya.

Mu da muka tashi da NWLR, wato rahoton shari'un Najeriya na mako-mako, wadda marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985, dole ce ta sa mu karatu. Kana neman abu ɗaya, sai ka ci karo da uku da ba ka nema ba, su ne za su cece ka wata rana.

Hajiya_Lauya:
Yallabai, girmanka ne, amma ban yarda da kai duka ba. Wannan yaron da ka ba da labarinsa, irinsa sun wanzu tun kafin a san wani abu wai shi AI. Da can taƙaitaccen bayanin da ke saman hukunci suke kwafa su tafi kotu. Rago rago ne ko da littafi ko da waya.

Kuma kar mu manta wahalar da muka sha. Na tuna zamanin da za ka je ɗakin karatun kotu ka tarar mujalladin da kake nema wani ya ara bai dawo da shi ba, ko an yage shafukan da kake so. Lauyan da ke ƙaramin gari sai ya hau mota zuwa babban birnin jiha don shafi goma. Lokacin da LawPavilion da Legalpedia suka shigo, irin wannan maganar aka yi, wai za su lalata yara. Yau ga shi har a hukuncin manyan kotuna ana kawo lambar LPELR ta rahoton LawPavilion, ba wanda yake ɗaga gira. Ko a Amurka ma Lexis ta fara a 1973, Westlaw a 1975, ba jiya aka fara neman doka da kwamfuta ba.

Mai_Gabatar_Da_Ƙara:
Ni damuwata daban ce, kuma ta shafe mu 'yan Arewa kai tsaye. Ka tambayi yawancin manhajojin nan hukuncin wani laifi "a Najeriya", sai su tafi kundin laifuka na Kudu. Ka yi maganar kisan kai su ba ka sashe na 319, alhali mu a nan sashe na 221 na kundin Penal Code muka sani. Ka yi maganar damfara su ce 419, mu kuwa zamba tana sashe na 320 ne. Sannan jihohi sun yi nasu gyaran, Kaduna ta fitar da sabon kundinta a 2017, lambobin sassa sun sauya. Ga kuma kundin laifuka na shari'ar Musulunci a jihohin da suke aiki da shi. Na ga takardar tuhumar da wani ya tsara da taimakon wata manhaja, Turancin sumul, sashen kuwa na wata doka ce da ba ta aiki a jihar ma sam.

Sarkin_Zolaya:
Wato na'urar da aka tambaya hukuncin 419 ita ma 419 ɗin ta yi wa mai tambaya. Allah Ya kyauta.

Almajirin_Fiƙihu:
Malam Mai_Gabatar_Da_Ƙara ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A ɓangarenmu na kotunan shari'ar Musulunci abin ya fi haka haɗari, domin na'urar ba ta damu da mazhaba ba sai ka matsa mata. Mu da Malikiyya muke hukunci, da Risala da Mukhtasar da Tuhfa da sharhohinsu. Na gwada wata manhaja da mas'alar gadon nan da ake kira Mushtaraka: mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da 'yan'uwa biyu na ɗaki ɗaya waɗanda uba ya raba, da kuma shaƙiƙai maza. Miji rabi, uwa sudusi, 'yan'uwa ta wajen uwa sulusi, dukiya ta ƙare. Manhajar ta ce shaƙiƙai ba su da komai, ta rufe magana. Wannan kuwa fahimtar Hanafiyya da Hanbaliyya ce. A wurin Imam Malik da Shafi'i shaƙiƙan suna tarayya da 'yan'uwa ta wajen uwa a cikin sulusin nan. Lissafinta bai yi kuskure ba ko kaɗan, amma ba hukuncin kotunmu ba ne. Ka ɗauka gida ne a Fagge ake rabawa, ka ga irin rigimar da za a kunna a zuri'a.

Barista_Zee:
Allah Ya gafarta Malam, amma ku ma ai kuna amfani da Maktaba Shamila, ko ba haka ba?

Almajirin_Fiƙihu:
Sosai ma, Barista, kuma ta rage mana wahala. Amma ita Shamila littafin take buɗe maka, ga mujalladi ga shafi, kai za ka karanta ka fahimta. Ba ta taɓa ce mini "ga hukunci" ba.

Magatakarda_01:
Ina karanta ku ina murmushi. Kuna ta maganar na'ura ta nemo hukunci, wane hukuncin? Ni a rajistara nake aiki. Har gobe alƙalai da yawa da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa a zaman kotu. Sashe na 294 na kundin tsarin mulki ya ce a yanke hukunci cikin kwana 90 bayan kammala jawaban ƙarshe, a kuma ba ɓangarori kwafi cikin kwana bakwai, amma ku lauyoyi kun san sau nawa kuke zarya kafin kwafi mai hatimi ya fito. Abin da ke shiga rahotannin shari'u galibi na Kotun Ƙoli ne da Kotun Ɗaukaka Ƙara. Na babbar kotun jiha kaɗan ne, na majistare da kotunan shari'a kuwa suna nan cikin fayil ɗaure da zare a kan kanta, wasu da Hausa, wasu ma gara ta fara ɗanɗanawa. Abin da bai taɓa hawa intanet ba, ta ina na'ura za ta san shi? Ta san dokar Amurka da Ingila kamar yunwar cikinta, tamu kuwa gefenta kawai ta gani.

Ɗan_Maraɗi:
Ina gaida ku daga wanga ɓangare. Mu a Nijar tsarin Faransa muka gada, doka rubutacciya ta fi hukuncin baya nauyi, don haka namu ciwon ba ƙirƙirar shari'a ba ne sosai, tsohuwar doka ce. Harkar kasuwanci da dokokin OHADA muke aiki, wato ƙungiyar haɗa kan dokokin kasuwanci a Afirka, ƙasashe 17 ne a ciki, babbar kotunta tana Abidjan. Dokar karɓo bashi da zartar da hukunci ta 1998 an sake ta a 2023, sabuwar ta fara aiki a 2024. Ka tambayi na'ura, sau da yawa tsohuwar take kawo maka, domin ita ta cika intanet shekara da shekaru. Wani lokacin ma sai ta haɗa maka da dokar Faransa kanta don ta ga harshen ɗaya ne.

Hajiya_Lauya:
Mu ma haka, ɗan'uwa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta maye gurbin ta 1990, amma sai ka ga an kawo maka lambar sashe ta tsohuwar. Ko dokar shaida ta 2011 an yi mata gyara a 2023.

Ɗan_Kwamfuta:
A nan ya kamata a bambance abu biyu. Akwai manhajar hira ta kowa da kowa, akwai kuma waɗanda aka gina don lauyoyi, da suke fara binciko hukunce-hukunce na gaske daga rumbunsu sannan su rubuta amsa a kansu, su kuma ba ka mahaɗin da za ka latsa ka gani. Manyan kamfanoni sun zuba kuɗi a nan, Thomson Reuters mai Westlaw ta sayi Casetext, kamfanin manhajar binciken shari'a, a 2023 a kan dala miliyan 650. Sun fi aminci nesa ba kusa ba. Sai dai masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan a 2024, suka samu suna ba da amsa mai kuskure ko wadda hujjarta ba ta goyi bayanta ba a tsakanin kashi 17 zuwa 33 cikin ɗari na tambayoyin. A dokar Amurka fa kenan, inda kusan komai yana rumbu. Don haka maganar Baba ta hukunci na gaske da aka ɗora masa abin da bai faɗa ba, ita ce ainihin abin da suka gano.

Baba_Mai_Baƙar_Riga:
Madalla. Ashe sai Stanford ta faɗa za ku yarda da tsoho.

Talaka_Bawan_Allah:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ɗan haya ne ba lauya ba. Duk wannan maganar ina jin ƙanshin kare tuwo a cikinta. Lokacin da mai gidanmu ya ce in tashi cikin sati biyu, wa zan iya biya kuɗin ganawa? Waya na ɗauka na tambaya da Hausa, ta yi mini bayani cewa mai gida ba shi da ikon fitar da ni da ƙarfi sai ta hanyar kotu, kuma akwai takardar sanarwa da doka ta tanada. Da wannan na samu ƙarfin tsayawa na yi magana. Ku kuna da ɗakin karatu, mu wannan ce tamu.

Barista_Zee:
Malam, ba wanda zai raina abin da ka faɗa, kuma na ji daɗi da ta amfane ka. Sanin cewa kana da haƙƙi babban abu ne. Amma tsawon wa'adin sanarwar ya danganta da jiharka, da irin hayar, da abin da kuka sa wa hannu, a nan ne take iya kai ka ta baro.

Kuma abin da ke zuwa mana yanzu kenan, mutum ya shigo ofis da takardu a hannu ya ce ga shari'o'in da za mu yi nasara da su, kai dai ka sa hannu. A Ingila an yi haka. A watan Yunin 2025 babbar kotu a Landan ta haɗa shari'u biyu ta yi hukunci a kansu. A ɗaya, wadda wani ya kai bankin Qatar National Bank, an kawo shari'u 45, aka samu 18 babu su, kuma mai ƙarar ne da kansa ya yi binciken, lauyansa ya dogara da shi bai duba ba. A ɗayar, ta Ayinde da ƙaramar hukumar Haringey, biyar ne na ƙarya. Mai Shari'a Victoria Sharp ta yi gargaɗin cewa irin wannan na iya kai lauya ga tuhumar raina kotu, har ma a miƙa shi ga 'yan sanda.

Umm_Sirri:
Wani abu da ba wanda ya taɓo: amana. Na ga ƙananan lauyoyi suna kwafe takardar rantsuwar mutum gaba ɗaya, da sunansa da na matarsa da sirrin aurensu, su zuba a manhajar kyauta don ta taƙaita musu. Ka san inda bayanin ya tafi? Ka san wa ke ajiye shi? Dokokin ɗa'ar aikinmu sun ɗora mana riƙe sirrin wanda muke karewa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Wataƙila ma wannan ne oganka yake tsoro bai faɗa ba.

Sarkin_Zolaya:
Ni wadda nake jira ita ce wadda za ta gaya mini wane alƙali ne ke ba da beli da wanda ba ya bayarwa, in san ranar da zan yi ciwon kai.

Ɗan_Maraɗi:
Kana wasa, amma akwai kamfanoni a Amurka da wannan ne sana'arsu, su tattara hukunce-hukuncen alƙali su faɗa maka inda ya saba karkata. Faransa kuwa ta haramta shi a dokar 2019, duk wanda ya yi amfani da sunayen alƙalai don auna ko hasashen yadda suke hukunci yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyar.

Magatakarda_01:
A nan ba sai an wahalar da kwamfuta ba, ka tambayi masinjan kotu kawai.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya, kuma a bar maganar alƙalai haka. Yaro ya tambaya ne ko oganshi yana da gaskiya.

Hajiya_Lauya:
To ni ga yadda muke yi a ofishina, ƙanina, ka ɗauki abin da ya yi maka. Ban hana kowa ba, domin in ka hana ma a ɓoye za su yi, wannan ya fi muni. Ka yi amfani da ita ka fahimci fagen da ba ka saba da shi ba, ta ba ka kalmomin da za ka yi bincike da su, ta kawo maka hujjar da abokin hamayya zai iya yi don ka shirya. Amma sunan mutum ko lambar ƙara ba sa shiga cikinta. Kuma duk shari'ar da za ta shiga takardarmu, sai ka zo gabana da ita a buɗe, ka nuna mini sakin layin da yatsa, ka gaya mini wane mai shari'a ne ya faɗa, da abin da ya faru a shari'ar, da ko wata kotu ta sama ta taɓa ta daga baya. In ka ce mini shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 tana magana a kan amincewar gwamna ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, zan ce na sani, gaya mini wa ya jinginar da gidan, kuma me ya sa aka je kotu. A nan ake gane wanda ya karanta.

Baba_Mai_Baƙar_Riga:
Hajiya, tsarinki ya yi, sai dai ke kina da lokacin zama da yara, ba kowane oga ba. Kuma akwai abin da ke damuna wanda tsarinki bai warware ba. Ke kina gane ƙaryar na'ura ne domin kin yi shekaru kina haƙa da hannunki. Yaron da ya fara aiki da ita tun ranar farko, da me zai auna amsarta? Ni da a ce ni ne, shekara biyun farko babu AI, bayan nan a sake masa mara.

Ɗana mai tambaya, ka tuna shari'ar Okafor da Nweke ta 2007. Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don kawai an sa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista. Sunanka ne a ƙasan takardar, kai za a kira.

Barista_Zee:
Shekara biyu, Baba? Kafin nan abokan karatunsa da ke manyan ofisoshin Legas da Abuja sun yi masa nisa. Masu ba da aiki yanzu suna tambayar abin da ka iya da waɗannan kayan.

Lauya_Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, manyana. Na nuna wa babban yayanmu a ofis abin da Hajiya ta rubuta, ya ce zai gwada yi wa oga maganar in ya ga ransa a sake, amma kar in sa rai. A yanzu dai dokar tana nan, ni kuma ina buga hukunce-hukunce har tawadar firinta ta ƙare. Maganar Umm_Sirri kuma zan kai wa sauran yaran ofis.

Mai_Gabatar_Da_Ƙara:
Kafin a watse, akwai wanda ya gwada sashen AI na manhajojin rahoton shari'u namu na gida a kan dokokin jihohin Arewa? Ina so in ji ko suna rarrabe kundin Kaduna da na Kano kafin in roƙi ofis ya biya kuɗin shekara.

Magatakarda_01:
In ka samu amsa ka taɓo ni, mai shari'armu ma ya yi wannan tambayar.